Yadda Ake Tsara Kayan Ceton Yaro Mai Mummunan Borin Jini a Maraɗi

Akwai yaran da ƙwayar gujiya ɗaya, ko harbin ƙudan zuma, ko cokalin farko na wani magani, ke isa ya kumbura musu leɓe da maƙogwaro cikin mintuna kaɗan, numfashi ya tsuke, bugun jini ya faɗi. Likitoci na kiran wannan anafilaksi. Maganinsa na farko ɗaya ne: allurar adirenalin a tsokar cinya, kuma da wuri. Ƙwayar ƙaiƙayi da ƙwayar dekisa da ake saye a tiren masu tallan magani ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura a cikin lokacin da ake da shi. Duk wanda zai tsara kayan ceto don irin wannan yaro, ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne, ko ma'aikacin jinya, ko mai farmasi, ko baduku da aka kawo wa aikin jaka, aikinsa shi ne rage tazarar da ke tsakanin kumburin leɓe da shigar allura.

Kafin komai, a san iyaka. Ba a haɗa maganin a gida, ba a ƙera allura mai harba kanta a shagon walda, kuma likita ne ke rubuta awo. Abin da ke hannun mai tsarawa a nan shi ne duk abin da ke kewaye da maganin: mazubi, makarin sandar sirinji, jaka, kati, abin koyo. A nan ne kuma mafi yawan kurakurai suke faruwa.

Hannun da zai riƙe kayan

Kuskuren farko shi ne a ɗauka yaro ne zai yi wa kansa allura. Yaro ɗan shekara huɗu aikinsa ya faɗa: "Inna, bakina na ƙaiƙayi," ko "Baba, wani abu ya tsaya mini a wuya." Ɗan shekara tara ko goma zai iya gane alamun ya miƙa jaka ga babba. Sai wajen shekara 12 zuwa 14 ake sa ran ya iya da kansa, shi ma ba a barinsa shi kaɗai, domin wanda jininsa ke faɗuwa hannunsa ba ya bin umarninsa. Saboda haka a zauna a rubuta waɗanda ke tare da yaron daga asuba zuwa dare: uwa, kishiyar uwa, kaka mai raunin gani, yayarsa ƴar shekara goma sha uku da aka bar wa reno, mushen lakwal, malamin makarantar allo. A tsara kayan don wanda ya fi rauni a cikinsu, a ranar da ya fi tsorata, da hannu mai jiƙe da ruwan wanke-wanke, da dare, ba wuta sai tocila.

Kayan da ya dace da yaro kuma ba shi ne mai zanen zomo da launin alewa ba. Gidajenmu cike suke da ƙanne, kuma abin da ya yi kama da na wasa za a yi wasa da shi. Abin da ke kwantar wa yaro da hankali shi ne kada ya ga tsinken allura kafin a yi da bayan an yi, ya saba da siffar kayan tun yana lafiya, kuma aikin ya ƙare da sauri. In ana son ya ji abin nasa ne, a bar shi ya zaɓi atamfar jakar. Jikin na'urar a bar shi da alamun aiki kawai. Sannan a roƙi mutanen gida su daina tsorata shi da cewa za a kai shi likita a yi masa allura in ya yi rashin ji. Yaron da aka raina da wannan barazana zai ɓoye ƙaiƙayin bakinsa a ranar da faɗarsa za ta cece shi.

Nauyi da kaurin cinya

Awon adirenalin shi ne miligiram 0,01 ga kowane kilo na nauyin jiki. Da ampul, wato ƴar kwalbar ruwan allura, mai ƙarfin miligiram 1 a cikin mililita 1, yaro mai kilo 10 na samun mililita 0,1, mai kilo 15 na samun 0,15, mai kilo 30 na samun 0,3. Ba a wuce 0,3 ga yaron da bai balaga ba, ba a wuce 0,5 ga saurayi ko babba. In bayan minti biyar ba sauƙi, a ƙara na biyu. Shi ya sa kowace jaka dole ta ɗauki awo biyu.

Akwai jadawalin da ke bin shekaru, amma a yankin da tamowa ta taɓa yara da yawa, shekaru na yaudara. Ɗan shekara shida a Gidan Rumji ko Madarunfa zai iya zama ƙasa sosai da nauyin da jadawalin Turai ke zato. A ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyin da ranar a katinsa, a sake aunawa duk wata shida.

Tsawon tsinke shi ma lissafi ne. Dole ya ratsa fata da kitse ya shiga tsoka, kuma kada ya kai ƙashi. EpiPen na yara, wata allura mai harba kanta mai miligiram 0,15, tsinkensa milimita 12,7 ne, an yi shi don kilo 15 zuwa 30. Da aka auna cinyoyin ƙananan yara da na'urar ekografi mai hoton cikin jiki sai aka ga a wasu masu ƙasa da kilo 15 wannan tsawon na iya taɓa ƙashi, domin danna na'urar da ƙarfi na matse naman. Daga nan wata allurar mai harba kanta, Auvi-Q, ta fito da mai miligiram 0,1 da tsinken milimita 7,4 don kilo 7,5 zuwa 15, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. Ga mai bincike a Maraɗi wannan ƙofa ce a buɗe: auna tazarar fata zuwa tsoka da fata zuwa ƙashi a cinyoyin yaranmu, a danne da kuma ba a danne ba, aiki ne da ekografin asibitin jiha zai iya yi, kuma duk wani tsari na gaba a kansa zai tsaya.

Abin da allura mai harba kanta ta koyar

Ko da ba a samunta a yawancin farmasin garin, kurakuran da aka gani da ita darasi ne kyauta. Mafi shahara shi ne riƙe ta a juye. Mai siffar alƙalami ce, mutum kuwa ya saba danna alƙalami da babban yatsa, sai tsinken ya shiga yatsan mai ceto, maganin ya tafi a banza. Shi ya sa EpiPen ta bambanta kawunanta biyu, shuɗin murfi a sama, ruwan lemu a inda tsinke ke fita. Darasin shi ne kan da ke taɓa cinya ya bambanta da ɗayan a launi da siffa da yadda ake jinsa a hannu, har makaho ya gane shi. Launi kaɗai ba ya isa, domin da dare duk launi ɗaya ne, kuma akwai mazan da ba sa rarrabe ja da kore.

Na biyu shi ne yankan cinya. Yaro ya fizge ƙafa tsinke na ciki, fata ta tsage ko tsinken ya lanƙwashe. A 2016 aka rage lokacin riƙe EpiPen daga daƙiƙa 10 zuwa 3, aka ƙara umarnin a riƙe ƙafar yaro da kyau. Don haka a kowane tsari, hoton riƙe ƙafa ya zo kafin hoton allura: a kwantar da yaro, babba ya danne cinyar daga saman gwiwa da hannu ɗaya, wani ya riƙe hannuwansa.

Na uku shi ne mantuwa. Wani bincike a Landan a 2015 ya nuna cewa mako shida bayan an koya wa iyaye mata, waɗanda suka iya aikin daidai a gwaji ba su kai rabi ba. Na'urar da ke magana tana faɗin mataki bayan mataki ta fi sauran nasara nesa ba kusa ba. Ana iya kwaikwayon wannan da ƴar na'urar ɗaukar murya a murfin akwati, da Hausa, da muryar mace mai natsuwa. Amma batiri na mutuwa a zafi, don haka kayan su kasance masu aiki ko murya ta yi shiru.

Akwai kuma sabuwar hanya marar tsinke. A watan Agusta na 2024 Amurka ta amince da neffy, adirenalin da ake fesawa a hanci, ga masu kilo 30 zuwa sama, a 2025 kuma aka ƙara na masu kilo 15 zuwa 30 daga shekara huɗu. Yana jure zafin da ya kai digiri 50 na ɗan lokaci, abin da ya sa ya cancanci masu odar magani a Nijar su sa masa ido. Feshi ɗaya ne a cikinsa, wanda ya danna don gwaji ya zubar da shi.

Akwatin da za a iya haɗawa a nan

Abin da ke hannunmu shi ne ampul da sirinji, kuma sai an faɗi gaskiya a kansu. A 2001 an gwada iyaye a Kanada: zuƙo awon jariri daga ampul ya ɗauke su sama da minti biyu, kuma tsakanin mafi ƙarancin abin da suka zuƙo da mafi yawa akwai ninki 40. Waɗannan ba su da yaro a shiɗe a gabansu. Saboda haka miƙa wa uwa ampul da sirinji a leda ba tsari ba ne.

A fara da ampul. Adirenalin na zuwa da ƙarfi fiye da ɗaya. A kayan da ke zuwa daga Faransa akwai mai miligiram 1 a mililita, akwai mai 0,25. Wanda ya zuƙo 0,15 daga na biyun ya ba yaro rubu'in abin da yake buƙata. A tsaya kan ƙarfi ɗaya, miligiram 1 a mililita 1, a rubuta shi a jikin akwati, kuma kada wani ampul na daban ya kwana a ciki, domin atiropin da wasu allurai kamanninsu ɗaya da shi a idon mai gaggawa. A saya a farmasi mai lasisi. Kayan kasuwa ba a san ranar da suka sha ba.

Sirinji ya zama na mililita 1 mai zanen 0,01. Na mililita 5 ba ya iya auna 0,15. Na insulin bai dace ba, tsinkensa gajere ne don ƙarƙashin fata, lambobinsa kuma na wani lissafi ne. Na rigakafi mai kulle kansa shi ma a bar shi, domin an yi shi don awo ɗaya kuma sandarsa na maƙalewa in an ja an mayar. Tsinke mai tsawon milimita 25, mai shuɗin gindi ko mai ruwan lemu, ya isa yawancin yara. Mai milimita 16 na ƙananan jarirai ne.

Babban haɗari shi ne a tura ampul ɗin duka. Ga yaro mai kilo 15 wannan kusan ninki bakwai ne na awonsa, kuma zuciya ce ke ɗaukar nauyin. Maganin wannan ɗan makari ne na roba mai siffar kofaton doki da ake maƙala wa sandar sirinji, tsakanin fikafikan sirinjin da kan sandar inda yatsa ke dannawa. A zuƙo fiye da buƙata, a ɗaga tsinke sama, a ƙwanƙwasa kumfar iska ta hau, a tura sanda har ta daki makari. Abin da ya rage a ciki shi ne awon. A zare makari, a yi allura. A sirinjin mililita 1, tafiyar sanda ta kimanin milimita 8 da rabi ita ce 0,15, don haka kuskuren milimita ɗaya a tsawon makari ya fi kashi ɗaya cikin goma na awon. Kowane kamfani kuma da faɗin sirinjinsa, makarin da aka yanka don wani ba zai hau wani ba. A rubuta sunan sirinjin a jikin makarin. Don tabbatarwa, a zuƙo tataccen ruwa, a matse shi a kan sikelin laburatuwari mai karanta giram 0,001: mililita 0,15 na ruwa giram 0,15 ne. A maimaita sau talatin da hannuwa daban-daban, a duba yadda lambobin ke warwatse. In da na'urar buga abu a siffarsa za a yi makarin, a guji robar PLA, tana laushi tun daga digiri 55 zuwa 60, zafin da rufaffiyar mota ke kaiwa a bazara. PETG ta fi jurewa.

Ga gida, a ganinmu abin da ya fi shi ne mai farmasi ko majo ya zuƙo awon da kansa cikin tsabta, ya rufe tsinke, ya maƙala makari don kada sanda ta dannu a jaka, ya rubuta ranar. A Tailan an gwada irin wannan sirinji, aka same shi da ƙarfinsa da tsabtarsa har wata uku a ajiyar ɗaki mai duhu. Wani gwajin a digiri 38 ya nuna busasshiyar iska ta fi saurin lalata shi, bayan wata biyu ƙarfinsa ya fara zubewa. Busasshiyar iska mai zafi kuwa ita ce tamu fiye da rabin shekara. Don haka wata biyu ne iyaka, kuma tsarin da bai tanadi wanda zai riƙa sauyawa ba bai cika ba. Ampul da makari su zauna inda akwai wanda aka horar, kamar ɗakin shan magani na ƙauye ko lakwal mai ma'aikacin jinya.

A jera kayan cikin akwati bisa bin aiki, daga gefe ɗaya zuwa ɗaya, kowanne a raminsa da babbar lamba. In da ampul, a sa ƴar auduga ko bututun roba na karya wuyansa, domin kwalba na yanka yatsa, kuma mai jini a hannu na sakin abin da ya riƙe. Makari ya zama da doguwar jela da ta rufe inda yatsa ke dannawa, yadda ba za a iya turawa ba sai an zare shi. In ba haka ba, za a soka tsinke a danna, sanda ta ƙi tafiya, a ɗauka an yi. Wurin allura shi ne tsakiyar cinya ta gefen waje, tsinke a miƙe. Ba a ɗuwawu ba, ba a jijiya ba. A tanadi bututu mai murfi na jefa tsinken da aka yi amfani da shi, da fensir ɗaure da zare don rubuta lokacin da aka yi.

Zafi, ƙura da jaka

Masu yin adirenalin na son a ajiye shi tsakanin digiri 20 da 25, da sassauci daga 15 zuwa 30, nesa da haske. A Maraɗi, Afrilu da Mayu na wuce 40 a inuwa. Allura mai harba kanta ba a sa ta a firigo, kuma daskarewa na ɓata ta. Ga ajiyar gida, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Najeriya ya yaɗa har ya samu lambar Rolex a 2000, tana sauke zafi sosai a lokacin rani. A sa akwatin cikin gwangwani ko roba mai rufuwa ruf don kada laima ta ci takarda da kwali, a ajiye tukunyar inda iska ke ratsawa, a jiƙa yashin safe da yamma. Da damina aikinta na raguwa, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Kada a yi zato, a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman abin da ya gani, a duba shi kullum na mako biyu a tsakiyar bazara. Kuma kada tukunyar ta kasance a ɗakin da maigida ke kullewa ya tafi kasuwa da makulli.

Jakar yawo hawa uku take so: bututu mai tauri a ciki don kada a zauna a kai, soso mai kaurin milimita 5 zuwa 10 a tsakiya, yadi mai haske a waje. Baƙar fata na shan rana. Zif na cijewa da ƙurar hunturu. Maɗauri mai ƙayoyi da ake ɓarewa na cika da ƙarangiya da zare ya daina kamawa. Igiya na ƙullewa. Maɓalli mai ƙarfe ɗaya da babban harshen da za a ja da hannu ɗaya ya fi su duka. Wuraren da suka fi kashe magani su ne ƙarƙashin kujerar moto, gaban mota, da taga a ɗakin kwano. Ga budurwa ko saurayi, jakar ta zama siririya mai shiga aljihun riga ko ƙarƙashin hijabi, domin a wannan shekarun kunya na sa a bar ta a gida.

A bar ƴar taga ta duba ruwan maganin ba tare da an buɗe komai ba. Ruwan da ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ko ya yi gari-gari, ya lalace. Amma wanda ya sha zafi zai iya rasa ƙarfi yana nan garau, don haka rana ce ke yanke hukunci, a rubuta ta da manyan lambobi a waje.

Katin da ke cikin murfi

Hotunan da ke zuwa daga waje na nuna jajayen tabo a farar fata. A baƙar fata borin jini ba ya yin ja haka, tudu-tudu yake yi da ake ji da hannu, da kumburin ido da leɓe. Uwar da ke jiran ganin ja za ta makara. A zana yaro irin namu, a nuna kumburi, da riƙe wuya, da amai, da laƙwas ɗin jiki. A jariri a nuna dalalar miyau da dushewar kuka. A faɗa ƙarara cewa wani lokaci ba a ganin komai a fata, numfashi ko suma kawai.

Hotunan aiki kada su wuce biyar ko shida, hoto ɗaya aiki ɗaya. Rubutu da boko da ajami, da layi biyu na Faransanci don ma'aikacin asibiti: nauyi, awo, abin da ke tayar wa yaron. A guji jerin ja da rawaya da kore wajen bambanta awo, domin iyaye mata sun san su a zaren auna damtse na tamowa, inda ja ke nufin haɗari.

Abu uku ne ake yawan mantawa. Na ɗaya, kwanciya: yaro ya kwanta, ƙafafu a ɗage. In numfashi ya yi wuya a jingina shi a zaune, in yana amai ko ya suma a juya shi gefe, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya, ko da ya ce ya ji sauƙi, domin miƙewa na iya hana jini komawa zuciya. Wannan ya shafi abin hawa. Zama a miƙe a kan kabu-kabu shi ne mafi muni, mota ko adaidaita ko amalanke da zai kwanta sun fi. In moto kaɗai ke akwai, babba ya rungume shi a kwance bisa cinyarsa. Na biyu, rawar jiki da bugun zuciya da fari-farin leɓe bayan allura aikin maganin ne, suna wucewa. Na uku, dole a je asibiti ko ya warware, domin ciwon na iya dawowa bayan sa'o'i.

A bayan katin a lissafa inda abin ke ɓuya. Ga mai borin gujiya a garin da ya yi suna da gujiya, jerin na da tsawo: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, labun kilishi, tunkuza a miya, kwaɗon zogale da na rama, man gujiya na gida, da abincin tamowa na leda irin Plumpy'Nut, wanda gujiya da madara ne ginshiƙinsa.

Gorar shaƙa

Yaron da ke da fuka tare da borin abinci ya fi shiga haɗari, kuma feshin salbutamol kai tsaye a bakin ƙaramin yaro mafi yawansa a harshe yake tsayawa. A 1999 Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun sun nuna gorar roba ta mililita 500 na aiki daidai da mazurarin kanti da ake sawa tsakanin abin feshi da bakin yaro, kofi kuwa bai kai ba. A wanke gora, a lanƙwasa waya daidai siffar bakin abin feshi, a gasa ta, a huda gindin gorar da ita, a cusa bakin tun robar na da ɗumi don ya kama, a toshe gefen da gam. A wanke cikin da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a ɗauraye, kada a goge da tsumma, a bar ta ta bushe da kanta, domin busasshiyar roba da aka goge na jan ƙwayoyin maganin su manne a bango. A girgiza abin feshi, a danna sau ɗaya, yaro ya ja numfashi biyar ko shida ta bakin gora, sannan a sake. Ƙasa da shekara uku sai da marufin hanci da baki mai laushi. A rubuta a jikin gorar cewa bayan allura take zuwa. Tana buɗe ƙirji, ba ta sauke kumburin maƙogwaro, ba ta ɗaga jini.

Gwaji kafin a miƙa wa kowa

A yi abin koyo marar tsinke marar magani, mai nauyi da siffa da ƙara irin na gaske, amma da launin da ba za a rikita su ba, kuma kada su kwana jaka ɗaya. Da shi yaro zai yi wa ƴar tsana allura har ya saba. Da shi kuma za a yi gwaji. Ƙa'idar hukumar magunguna ta Amurka ita ce aƙalla mutum 15 daga kowane rukuni na masu amfani, kuma ta dace a bi: iyaye mata 15, tsofaffi 15, malamai 15, manyan yara 15, daga unguwannin gari kamar Zariya da Bagalam da kuma ƙauyukan Tibiri ko Dakoro. A miƙa jaka a rufe, a ce yaro ya ci abu ya kumbura, a kunna agogo, a yi shiru. Mai tsarawa ya riƙe bakinsa, ko nuni da ido kada ya yi. A rubuta inda hannu ya tsaya, abin da aka juya, abin da ya faɗi ƙasa. A maimaita da hannu mai mai, da tocila, da kukan yaro a waya. Bayan mako shida a sake kiran mutanen nan ba tare da tuni ba. In mutum uku sun yi kuskure iri ɗaya, a koma kan zane a gyara.

Kayan su ma a wahalar da su: a saki jaka daga tsayin mita ɗaya a kan siminti ta kowace fuska, a ɗaura ta a moto a bi hanya mai gargada, a bar ta cikin ƙura, sannan a sake auna awon a sikeli. Mai son kai aikin matakin kamfani zai buƙaci ISO 14971 don lissafin haɗari, IEC 62366 don sauƙin amfani, da ISO 11608 in ya shafi na'urar allura. Auna ƙarfin maganin bayan ajiya aikin laburatuwari ne irin LANSPEX da ke Yamai. Gwaji da mutane, musamman yara, na buƙatar izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye a rubuce ko a gaban shaida, kuma ba a raba kayan ga jama'a sai da amincewar hukumar kula da magunguna ta ƙasa. Kowane akwati da ya fita ya samu lamba a rajista, da sunan likitan da ya rubuta awon, da ranar sauyi, da wanda zai kira gidan in ranar ta zo ba su kawo shi ba.